Kurege da Aikin Zango-Zango a Gidan Ƙulin Inna Ɓauna

Ga ta nan, ga ta nanku, da masu ji da masu gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, in ta yi nauyi mu taya ka ɗauka.

To, ku matso. Wata shekara ce gyaɗa ta yi kyau a daji har ta rasa mai ci. Sai Ɓauna, wadda duk dawa ake kira Inna, ta sayi gyaɗa rumbu guda, ta buɗe gidan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a bakin hanyar kasuwa. Ta ɗauki Biri aiki, ta ɗauki Kunkuru. A bayan gidan akwai juji, a kan jujin akwai Kura. Ita ke kwashe duk abin da aka zubar, ladanta kuwa ta cinye shi.

Inna Ɓauna mace ce mai ƙarfi, burinta ya fi ƙarfinta. Ta ce ba za a kai ko ƙwaya ɗaya kasuwa ba sai an gama rumbun nan kaf, a fita rana ɗaya da kaya niƙi-niƙi, duniya ta san an yi sana'a.

Aka kama aiki. Biri ya fara ɓarar gyaɗa, a ce masa wuta ta mutu. Ya je hura wuta, a ce ruwa ya ƙare. Ya ɗauki tulu, ya tuna da kalangunsa, ya zauna kiɗa. Kunkuru a aike shi itace da safe, kafin ya dawo an manta abin da za a soya. Inna kuwa tana daka, tana suya, tana faɗa, duka a lokaci ɗaya. Ga gyaɗa ɓararriya a can, ga soyayyiya rabi a nan, ga tunkuza a turmi tana jiran a matse mata mai har ta gaji da jira. Komai an fara, ba abin da aka gama.

Ranar da Allah ya nufa suka kai kasuwa, man ya yi maƙaƙi, ƙulin farko ya yi funfuna, na ƙarshe ya yi tauri. Dorina ta sayi ɗaya ta gatsa, haƙorinta ya tsage. Dorina fa! Ta mayar da shi ta ce, "Inna, in tsakuwa kike sayarwa ki faɗa, muna da ita a kogi." Suka komo gida da kayansu yadda suka fita da shi.

Shi kuwa Kurege, wannan shekarar damina ta same shi yana barci, kaka ta same shi yana hamma. Yunwa ta kama shi, haƙarƙarinsa suka fito kamar haƙoran mataji. Kullum in ya wuce gidan Inna, ƙanshin suyar gyaɗa ya bi shi har rami ya hana shi sakat. Ya yi tunanin sata, ya tuna ƙahon Inna. Ya yi tunanin neman aiki, ya ji jikinsa ya mutu. Sai ya samo tsumma ya naɗa rawani, ya yi sallama.

"Salamu alaikum, Inna. Sannu da aiki."

"Wane aiki? Sannu da asara dai. Me kake so?"

"Ni? Ba komai. Wucewa nake na ji tausayi ya kama ni. Na yi yawo da fatake shekara da shekaru, Inna, ban taɓa ganin ana aiki irin naku ba."

Yawon da ya yi da fatake kuwa, a cikin buhun dabinonsu ya yi shi, ba da saninsu ba. Amma dai kunnensa na waje.

Ya ce, "Inna, kin taɓa ganin falke ya ɗaure kaya ya ce ba zai sauke ba sai Gwanja, can ƙasar goro? Jakin ne zai fara mutuwa, sannan shi. Falke zango-zango yake tafiya. Ya yi tafiya kaɗan ya sauka, ya duba bayan jaki, ya gyara igiya, ya kama hanya. Ku kuwa kun ɗauki rumbu guda a ka kun ce sai Gwanja."

Inna ta ajiye taɓarya. "To yaya za a yi?"

"Zango-zango. Daga kasuwa zuwa kasuwa zango ɗaya ne. A ɗebo gyaɗa daidai wadda za a iya gamawa, a rufe rumbu. Kowa da aikinsa guda ɗaya. Ba duban hagu, ba duban dama. In na ce 'Zango!' kowa ya sauke abin da ke hannunsa, ko da loma ce a bakin baki. Sai a zauna a yi tambaya uku. Me muka gama? Yaya ɗanɗanonsa? Me ya ja mu baya? Abin da ya fi jan mu baya, nan take a ɗauka a kai wa Kura. Ba jayayya, ba ɗagawa sai gobe."

Kunkuru ya leƙo da kai ya ce, "Malam, wa zai ɗanɗana?"

Kurege ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɗora wa kaya. "Ai wannan shi ne mai wuyar. Harshe yake so gogagge. Ba komai, na ɗauke muku."

Inna ta ce, "Ladanka fa?"

"Haba Inna! Ki bar maganar lada, kar ki ɓata mini niyya."

Aka fara zangon farko. Biri ɓara kawai, Kunkuru wuta kawai, tunda zama wuri ɗaya ba ya ba shi wahala, Inna daka da matsa. Kurege ya hau kan katanga yana kaɗa wutsiya yana cewa, "Ba duban hagu, ba duban dama!" Ana gobe kasuwa ya ce, "Zango!" Aka sauke, aka zauna.

"Me muka gama?"

Suka duba. Ga ƙuli faifai-faifai, ja-ja, yana tururi. Ga mai cikin tulu, garau kamar idon zakara. Su kansu suka tsaya kallo, don ba su taɓa ganin abin da suka fara ya ƙare ba.

"Yaya ɗanɗanonsa?"

Kurege ya ɗauki ɗaya ya rufe ido. Ya ɗauki na biyu don tabbatarwa. Ya ɗauki na uku don kar a ce ya yi gaggawar hukunci. Ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Gaskiya ne kuma, ya yi kaɗan.

"Me ya ja mu baya?"

Inna ta ce turmin nan mai tsaga, rabin tunkuza a ƙasa yake ƙarewa. Aka ɗauki turmi aka kai juji. Kura ta shinshina, ta gwaguya, ta tofar, ta ce, "Allah ya isa."

Washegari kafin rana ta take tsaka kaya ya ƙare a kasuwa. Dorina ta zo da tsoro ta gatsa da gefen baki, sai ta ce a ƙaro.

Abin da ya fi ba Kurege mamaki, ƙaryar da ya shirya don cikinsa ta tashi gaskiya a hannunsa. Zango na biyu aka ƙara gishiri, aka kai wa Kura ɗanyen itace. Zango na gaba masu saye suka ce sun fi son dogon ƙuli a kan dunƙulalle, aka koma murza dogo. Da aka zo "Me ya ja mu baya?" Kurege ya gyara rawani ya ce, "Kalangu."

Biri ya miƙe. "Kalanguna? Na gado ne fa!"

"Ba jayayya, ba ɗagawa sai gobe."

Aka kai wa Kura kalangu. Ta cinye fatar ta lashe baki ta ce, "Yauwa, yau an fara tunawa da mutane. Amma wai gidan nan ba abu mai numfashi da ke jan ku baya?" Biri ya ji, ya haɗiye maganarsa, ya ajiye ta inda ba za ta ɓace ba.

Kasuwa ta buɗe wa Inna. Har daga tsallaken kogi ake zuwa neman ƙulinta. Kurege ya murmure, gashinsa ya kwanta, haƙarƙari suka koma gidansu. Da mai hankali ne da ya gode wa Allah ya tsaya nan. Amma shi Kurege sai ya kwanta a kan katanga yana lissafi da cikinsa. Daga kasuwa zuwa kasuwa ɗanɗano ɗaya? Wannan ai azumi ne.

Ya sami Inna ya ce, "Inna, kin ga da muka gajarta aiki ya yi kyau?"

"Na gani, Malam."

"To in muka ƙara gajartawa fa?"

"Sai ya ƙara kyau?"

"Ke kika faɗa da bakinki."

Zango ya koma daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Gyaɗar da ake ɗebowa ta ragu, bakin mai ɗanɗano bai ragu ba. Bayan kwana biyu ya ce fatake na gaskiya ba sa tafiya cikin rana, zango ya koma daga asuba zuwa hantsi. Gyaɗa ta ƙara raguwa, baki ya ƙara buɗewa. Daga nan ya zo da kara guda ya kunna masa wuta ya kafa a tsakar gida, ya ce in karan nan ya cinye, zango ya cika. Ku da kuka san kara, kun san ba ya daɗewa da wuta.

Sai gidan ya koma zama da tashi. Biri ya ɓare tafi guda, "Zango!" Kunkuru ya hura wuta sau biyu, "Zango!" Inna ta ɗaga taɓarya sama, kafin ta sauke, "Zango!" ta tsaya da ita a sama kamar mai rantsuwa. Da ƙyar ake samun ƙuli ɗan kaɗan a gindin faifai, Kurege ya rufe ido ya ɗanɗana, ya tabbatar, ya guji gaggawar hukunci, faifai ya koma fari. Da can da ake aikin rumbu guda, ko jaki ya shiga ya ci ba mai ganewa. Yanzu kuwa abin da ya shiga kowa na gani, abin da ya fita kowa na gani, inda ya nufa ma kowa na gani, don wurin sai ƙara tudu yake. Wannan ne Kurege bai sa a lissafinsa ba.

Ana gobe kasuwa aka zauna zaman ƙarshe. Kurege ya jingina da tulu, ciki a gaba, baki cike.

"Me muka gama?"

Aka dubi faifai. Ba komai.

"Yaya ɗanɗanonsa?" Ya amsa wa kansa, "Madalla, ba gyara."

"Me ya ja mu baya?"

Inna ta dubi turmi, sabo ne. Ta dubi itace, busasshe ne. Kunkuru ya fito da wuyansa a hankali ya dubi Kurege. Inna ta dubi Kurege. Kurege ya waiwaya ko akwai wani a bayansa, sai tulu.

Biri ya yi tari ya ce, "Inna, ni jahili ne, ko kalangu ba ni da shi. Amma tun da aka fara karan nan, abu ɗaya na ga yana ƙaruwa a gidan nan, ga shi can ya naɗa rawani."

Kurege ya haɗiye ƙulin da ke bakinsa. "A'a, a'a, ku tsaya. Wannan magana ce babba, tana son nazari. Mu bar ta sai…"

Biri ya ce, "Ba jayayya."

Kunkuru ya ce, "Ba… ɗagawa… sai… gobe."

Inna ta ce, "Malam, wallahi ina jin nauyinka. Amma kai ka koya mana, kuma duk abin da ka koya mana ya yi amfani." Ta sa ƙaho ta ɗauke shi cak, ta zagaya bayan gida, ta ajiye a kan juji, ta ce, "Kura, ga na yau." Biri na bayanta yana kiɗa da cinyarsa.

Kura ta dubi Kurege, ta dubi sama ta ce, "Ashe ana amsa addu'a." Ta take masa wutsiya, ta wangale baki.

Kurege ya ga duhun maƙogwaro. Amma bakinsa bai mutu ba. Ya girgiza kai ya ce, "Kayya. Shi ya sa."

Kura ta tsaya. "Shi ya sa me?"

"Shi ya sa kike rama, Yaya Kura. Shekara nawa kina ci, ƙugunki bai taɓa cika ba? Komai a haɗe kike yi, ki cafka, ki waiwaya, ki haɗiye, ki gudu. Ko ɗanɗano ba kya ji. Dube ni da kyau. Cikina ƙuli ne zalla, jikina man gyaɗa ne har ƙashi. Ni tsire ne da aka gama haɗawa, wuta kawai ta rage. Shi ne za ki haɗiye ɗanye kamar fatar kalangu?"

Yawu ya zubo wa Kura. Ta daɗe tana jin "Zango! Zango!" ta bayan katanga, ta kuma ga yadda gidan ya yi arziki. Ta ce, "To yaya ake yi?"

"Zango-zango. Zangon farko wuta. Wuta kawai."

Kura ta jawo itacen da aka zubar, ya riga ya bushe, ta samo garwashi a tokar juji. Ta duƙa tana hurawa, ƙafa ɗaya a kan wutsiyar Kurege, ido ɗaya a kansa. Wuta ta ƙi, sai hayaƙi.

Kurege ya ce, "Aiki nawa kike yi?"

"Ɗaya."

"Biyu. Hura wuta ɗaya, gadi biyu. Wuta ta san hankalinki a rabe yake."

"In na sake ka ka gudu fa, ɗan banza?"

"Da wannan cikin? Ina za ni? Ba duban hagu, ba duban dama, Yaya."

Kura ta ɗage ƙafa, ta tattara hankalinta wuri ɗaya, ta cika ƙirji ta busa. Wuta ta tashi bal-bal. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa hura wuta irin wannan ba. Ta ce, "Kai! Abin nan gaskiya ne!" Ta ci gaba da hurawa har itace ya zama garwashi jawur. Sannan ta zauna ta naɗe ƙafa kamar yadda ta ji ana yi.

"Me muka gama? Wuta. Yaya ɗanɗanonsa?" Ta waiwaya. Ba kowa sai tsumman rawani. "Me ya ja mu baya? Nama ya tafi." Ta gyaɗa kai. "To. Zango na biyu, kamo nama."

Shi kuwa Kurege yana can yana tafe yana haki, ciki na jan ƙasa, yana dariya. Ya san Kura tun ba yau ba. In ta biyo ka, ka bi da ita ta gefen mushe, shi ke nan ta manta da kai. Da ya ji ƙafarta a baya, ya karkata ta inda wani jaki ya mutu. Ya wuce, ya waiwaya. Kura ta tsallake jakin ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya ce, "Yaya Kura! Jaki! Guda cur!"

Ta ce, "Ba duban hagu!"

Ya ratsa ta tsakiyar garken awaki, makiyayin na barci. "Yaya Kura, awaki! Ba mai tsaro!"

"Ba duban dama!"

Nan Kurege ya daina dariya. Ya ce a ransa, wayyo, wa ya aike ni koyarwa da kyau? Ya zuba gudu, ƙaya ta ja, tudu ya ja, mai na fita daga jikinsa kamar ana matsar tunkuza. Ya hango raminsa. Ya faɗa da ka, kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, ciki ya ce shi ba ya shiga. Ya tura, ya ƙi. Ya ja baya, ya ƙi. Ga wutsiya a waje tana kaɗawa kamar tuta. Ya ji numfashin Kura a kanta, ya ji haƙori ya taɓa gashi.

Sai ya tattara sauran muryarsa ya kwarara ihu daga cikin rami.

"Zango!"

Kura ta tsaya cak, baki a buɗe, wutsiya a tsakanin haƙora.

"Zango, Yaya! A sauke abin da ke hannu, ko da loma ce a bakin baki!"

Kura ta yi gurnani. Cikinta ya ce ciza, sabon iliminta ya ce sauke. Ta tuna wutar nan da ta tashi bal-bal. Ta buɗe baki ta saki, ta koma gefe ta naɗe ƙafa.

"Me muka gama? Mun kamo nama. Yaya ɗanɗanonsa?" Ta lashi gashin da ya maƙale mata. "Gishiri ya yi daidai. Me ya ja mu baya?"

Tana cikin nazari, Kurege ya fitar da duk iskar cikinsa, ya matse, ya murɗa, sauran man da ke jikinsa ya taimaka, sulluɓ, ya faɗa ciki ya bar rabin gashin bayansa a bakin rami.

Kura ta gama nazarinta a tsanake. Ta sa baki a ramin ta ce, "Malam, na gano. Abin da ya ja ni baya, na bar nama shi ke kiran zango. Na gyara. Daga yau ni zan riƙa kira. Ka fito mu shiga na uku."

Daga ciki Kurege ya ce, "Ki ɗaga sai gobe."

Ta ce, "Ba ɗagawa."

Gidan Inna Ɓauna kuwa suka tumɓuke karan nan suka sa a murhu, suka mayar da zango daga kasuwa zuwa kasuwa. Ɗanɗano suka bar wa masu saye, don su in sun ɗanɗana biya suke yi. Inna ta saya wa Biri sabon kalangu, sai an ce zango yake taɓa shi. In aka tambaye ta wa ya gyara mata sana'a, sai ta ce, "Wani malami ne, Allah ya saka masa. Shi ne gyaran farko, shi ne na ƙarshe."

Kurege ya rame ya koma yadda yake. Kura kuma har yau tana bin sa, kuma kowace fita sai ta gyara kuskure ɗaya. Shi ya sa in kuka ga kurege a bakin gona, ba ya doguwar tafiya. Ya ruga kaɗan ya tsaya, ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake rugawa. Duk dajin nan shi kaɗai ne yake dubawa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Wanda zai shiga gidan mutane ya koya musu zubar da abin da ba shi da amfani, ya fara tsayawa a bakin ƙofa ya auna nasa amfanin. In kuma dole sai ka koyar, ka koya wa Ɓauna, ka koya wa Biri, amma ka rufa wa kanka asiri ka bar Kura da jahilcinta. In ƙarya ce na gilla muku, a ɗauke ta a kai juji, ni dai a bar ni nan kusa da faifai.